Yadda Ake Auna Musayar Sodiyam da Haidurojin a Ƙwayar HL-60, Kafin Ta Balaga da Bayan Ta Balaga

Niyutirofil ita ce mafi yawa cikin fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam. Idan ta cafke ƙwayar cuta, sai ta kunna wani inzam da ke jikin tantaninta mai suna NADPH oksides. Shi wannan inzam yana kwasar elektron daga cikin ƙwaya ya miƙa wa iskar oksijin a waje, a samu sinadarin da ke ƙone abin da aka cafke. Elektron ɗin da suka fita kuwa suna barin ayon na haidurojin a baya, wato tsami. In babu ƙofar da tsamin zai bi ya fita, cikin mintuna kaɗan pH na cikin ƙwaya, wato ma'aunin da ke sauka idan tsami ya ƙaru, zai sauka, shi kansa inzam ɗin ya ja birki. Ƙwayar da ke cikin ɓargo, wadda ba ta balaga ba, ba ta ɗauke da wannan kaya. Ke nan a tsakanin ƙuruciya da balaga dole ta sake tsarin ƙofofinta, kuma wannan sauyi ne ake son a auna, a ƙwayar HL-60 da ake reno a ɗakin gwaji.

Babbar ƙofar ita ce NHE1. Tana shigo da sodiyam ɗaya ta fitar da haidurojin ɗaya, ba ta sauya cajin tantani, kuma ƙarfin da take aiki da shi daga bambancin sodiyam na waje da na ciki yake zuwa. A 1989 ne Jacques Pouysségur da abokan aikinsa a birnin Nis na Faransa suka gano jerin halittarta. Furotin ne mai amino asid 815, yana ratsa tantani sau 12, sannan yana da doguwar jela a cikin ƙwaya inda saƙonni ke sauka su ce a ƙara gudu ko a rage. Tana kuma da wani gurbi da ke jin tsamin ciki: idan pH ya sauka sai ta farka, idan ya kai wani mataki sai ta yi shiru. Wannan mataki, da za mu riƙa kira matsaya, shi ne zuciyar batun.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki shi ne a ga layin pH ya fi saurin hawa a ƙwayar da ta balaga, a ce NHE1 ta ƙaru. Balaga ba ƙofa ɗaya take taɓawa ba. Girman ƙwaya yana sauyawa, ƙarfinta na shanye tsami yana iya sauyawa, wata sabuwar hanyar fitar haidurojin tana buɗewa, sabbin masu karɓar saƙo suna bayyana a tantani. Matakan da ke tafe an jera su ne don a ware kowanne daban.

Reno

HL-60 layin ƙwaya ne da Steven Collins da Robert Gallo da Robert Gallagher suka kafa a 1977 a Cibiyar Binciken Kansa ta Ƙasa a Amurka, daga jinin wata mata mai shekara 36 da ke da sankarar jini. Amfaninsa shi ne ƙwayoyin sun tsaya a matakin ƙuruciya, amma da sinadari ɗaya za a iya tura su gaba.

A rene su cikin ruwan reno mai suna RPMI 1640 da aka haɗa da kashi 10 cikin ɗari na ruwan jinin ɗan tayin saniya, a zafin digiri 37 da kashi 5 cikin ɗari na iskar kabon dayoksaid. Ba sa manne wa kwalba, yawo suke cikin ruwa. A riƙe yawansu tsakanin dubu 100 da miliyan 1 a kowace mililita, a raba su duk bayan kwana 2 zuwa 3. Kada a bari ruwan reno ya koma rawaya. Launin nan alama ce ta tsami, kuma ƙwayar da ta kwana cikin ruwa mai tsami ta riga ta gyara ƙofofinta tun kafin a taɓa ta. Wasu ƙwayoyin ma sukan fara balaga da kansu idan cunkoso ya yi yawa, sai rukunin da ake ɗauka bai balaga ba ya zama gauraye. A gwada ko akwai maikofilazma, ƙananan bakteriya masu gurɓata reno, kafin a fara, a kuma yi aiki da ƙwayoyin da ba su daɗe ana rabawa ba tun da aka narkar da su daga sanyi.

Inda wuta ke yawan ɗaukewa, inkubeta ita ce abu na farko da za a ɗora kan batiri ko sola. Kwana 6 ake renon balaga, kuma dare ɗaya ba zafi ba iskar kabon ya isa ya ɓata zubin gaba ɗaya.

Tura su su balaga

Hanyar da aka fi bi zuwa niyutirofil ita ce ta wani sinadarin ruwa mai suna DMSO, wadda Collins da abokansa suka nuna a 1978. A shuka ƙwayoyi dubu 200 a mililita, a sa DMSO kashi 1.3 cikin ɗari, wato maikurolita 130 a kowace mililita 10. Kada a ɗiga shi kai tsaye kan ƙwayoyi, domin yana fitar da zafi idan ya haɗu da ruwa, kuma inda ɗigon ya faɗa ƙarfinsa ya isa ya kashe. A fara gauraya shi da ruwan reno, sannan a zuba ƙwayoyin. Za su ci gaba da rabuwa kwana 2 ko 3, sai su tsaya. A rana ta 3 a duba launi, in ya fara sauyawa a ƙara sabon ruwa mai ɗauke da DMSO daidai wancan ma'auni. Ranar gwaji ita ce ta 5 ko ta 6.

Hanya ta biyu ita ce retinoyik asid, dangin bitamin A, maikuromola 1 na kwana 4 zuwa 5, wadda Theodore Breitman da abokansa suka bayyana a 1980. Haske yana lalata shi, don haka a nannaɗe kwalbar ajiyarsa da takardar alminiyam, a rage fitila lokacin zubawa. Mai son ɓangaren makurofej, wata farar ƙwaya ta daban, sai ya yi amfani da sinadarin tsokanar ƙwaya mai suna PMA, nanomola 10 zuwa 50 na kwana 2. Waɗannan za su manne wa kwalba, kuma dole a auna su a kan gilashi, ba cikin ruwa ba.

Zaɓin hanya ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwayoyin DMSO suna fitar da mai karɓar fMLP sosai, wato ɗan guntun furotin irin na bakteriya da ke tsokanar niyutirofil, na retinoyik asid kuwa amsarsu ga fMLP ba ta da ƙarfi. Duk wanda ya shirya tsokanar ƙwaya da fMLP, DMSO ce hanyarsa.

Rukunin da ba a ba komai ba yana buƙatar kulawa fiye da yadda ake ba shi. Shi ba ya daina rabuwa, saboda haka in aka shuka kwalabe biyu rana ɗaya aka bar su, a rana ta 6 nasa ruwan ya tsamame, ɗayan kuwa lafiya lau. A riƙa raba shi yadda a ranar gwaji cunkoson kwalaben biyu zai zo kusa da juna.

Tabbatar da cewa sun balaga

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A shafa ƙwayoyin kan gilashi, a rina da Leishman ko Giemsa, irin wanda ake rina jini da shi a kowane ɗakin gwajin asibiti. Ƙwayar da ba ta balaga ba babba ce, cibiyarta zagayayya ce ta cika wuri, gefenta shuɗi mai duhu. Wadda ta balaga ta ƙanƙance, cibiyarta ta lotsa kamar wake ko ta lanƙwashe.

Gwajin aiki shi ne na rinin NBT. A haɗa ƙwayoyi da NBT kashi 0.1 cikin ɗari da PMA nanomola 100 zuwa 200, a bar su minti 25 a digiri 37, a ƙirga 200 a madubin duba ƙwayoyi. Wadda oksides ɗinta ke aiki za ta cika da baƙin shuɗi. Idan masu launi ba su haura kashi 70 cikin ɗari ba, shawararmu a sake zubi, domin ma'aunin ƙyallin da za a auna pH da shi matsakaicin duk abin da ke cikin kubet, wato ƙaramar kwalbar awo, yake bayarwa, kuma gauraye ba ya nuna halin kowa. Mai na'urar tantance ƙwayoyi ta leza ya ƙara da CD11b, wanda ke hawa, da CD71, wanda ke sauka.

A ƙirga matattu da rinin tiraifan shuɗi. Wannan mataki ya shafi pH kai tsaye: ƙwayar HL-60 da ta kama hanyar mutuwa cikinta yana tsami, kuma daga rana ta 7 irinsu suna yawaita a kwalbar DMSO. Kashi 20 na masu mutuwa sun isa su ja matsakaici ƙasa, har a ce balaga ta saukar da pH. In masu rai ba su kai kashi 90 ba, a ɗora ƙwayoyin kan Ficoll, ruwa mai nauyi na raba ƙwayoyi, a juya a injin juyi, matattu su nutse, a kwashe na saman.

Ruwaye huɗu

Ruwan sodiyam, a lita 1: gishirin sodiyam kuloraid giram 8.18, wato milimola 140. Fotasiyam kuloraid giram 0.37, kalsiyam kuloraid mai ruwa biyu giram 0.147, magniziyam kuloraid mai ruwa shida giram 0.203, gulukos giram 1.8; HEPES, mai riƙe pH daram, giram 4.77. A daidaita pH zuwa 7.4.

Ruwa marar sodiyam: komai iri ɗaya, sai dai a maye gurbin gishirin da NMDG giram 27.3. NMDG ɓangaren kanwa yake, don haka da asid na haidurokulorik za a sauko da shi zuwa 7.4, kuma daga nan kuloraid ɗin zai fito. Kada hannu ya kai ga sodiyam haiduroksaid wajen gyara wannan ruwa. 'Yan milimola na sodiyam sun isa su motsa NHE1 a ƙwayar da aka cika da tsami.

Ruwan amoniyam: ruwan sodiyam ne da aka rage masa milimola 20 na gishiri aka sa amoniyam kuloraid giram 1.07.

Ruwan awo: fotasiyam kuloraid giram 10.44 a madadin gishirin sodiyam, a raba gida huɗu a pH 6.4, 6.8, 7.2 da 7.6. Na 6.4 ya fi zama daram idan aka haɗa da MES, wani mai riƙe pH irin HEPES.

Duk huɗun a gyara pH ɗinsu a zafin da za a yi gwaji. HEPES yana sauka da kusan 0.014 a kowane digiri, don haka abin da aka saita 7.4 a digiri 25 zai koma wajen 7.23 a digiri 37. A auna kaurin narkakku a kowane ruwa da na'urar ozmomita, bambancinsu kada ya wuce miliozmol 5 zuwa 10, domin NHE1 tana farkawa idan ƙwaya ta tsuke. Babu baikabonet a ko ɗaya, da gangan, don a rufe bakin ƙofofin da ke aiki da shi.

Shigar da rini

BCECF rini ne mai ƙyalli da Roger Tsien da abokansa suka fito da shi a 1982. Tsakiyar jinsa tana kusa da pH 7.0, daidai inda ake buƙata. Ana sayar da shi a siffar AM, wadda ke ratsa tantani. A ciki sai inzam su yanke wannan ɓangaren, rinin ya maƙale. A narkar da shi cikin busasshen DMSO zuwa milimola 1, a raba ƙananan kwalabe, a daskare. Danshi yana kashe shi.

A wanke ƙwayoyi sau 2 da ruwan sodiyam, juyi na minti 5 a ƙarfin 250 g. Wankin nan yana cire ruwan jini, wanda inzam ɗinsa za su yanke rinin tun a waje, yana kuma cire jan launin ruwan reno. A mai da su miliyan 5 a mililita, a sa rini maikuromola 1 zuwa 2, minti 20 zuwa 30 a digiri 37 cikin duhu. A sake wankewa, a bar su su huta minti 15. Hutun ya zama daidai ga rukunin biyu, domin ruwan jini da kansa yana tsokanar NHE1, kuma tasirinsa a hankali yake gushewa.

A saita na'urar auna ƙyalli ta haska da nanomita 490 da 440 bi da bi, ta karɓi ƙyalli a 535. Na 490 yana bin pH, na 440 kusan ba ya motsi, rabon su biyun shi ake karantawa. Rinin yana yoyo, kuma wanda ya fita waje pH na ruwan kubet yake faɗa, wato 7.4, sai ya riƙa jan karatu sama. Maganinsa a juya kowane kaso a wanke dab da sa shi a kubet, a kuma gama da zubin rini ɗaya cikin awa 1. A ƙarshen gwaji a juya abin da ke kubet a auna ƙyallin ruwan sama. In ya wuce kashi 10 na jimla, a jefar da wannan layi.

Cika ƙwaya da tsami

Dabarar ta Walter Boron da Paul De Weer ce, tun 1976. Idan ƙwaya ta zauna cikin ruwan amoniyam, iskar amoniya ce ke fara kutsawa, ta kama haidurojin, pH ya hau. A hankali amoniyam mai caji shi ma ya shiga. Da an janye ruwan, duk abin da ke ciki sai ya fice a siffar amoniya, ya bar haidurojin ɗinsa. Nan take pH ya faɗi.

A ɗauki ƙwayoyi miliyan 1 zuwa 2, a bar su minti 15 cikin ruwan amoniyam a digiri 37. A yi juyi gajere, sakan 20 zuwa 30, a tsotse ruwan sama tas, a watsa dunƙulen cikin maikurolita 20 na ruwa marar sodiyam, a harba cikin kubet mai mililita 2 da ya riga ya ɗumama, maganaɗisu na juyawa a ƙasa. Ragowar amoniyam a jikin bututu shi ne dalilin da ya sa wani lokaci pH ba ya faɗuwa yadda ake so.

Kubet uku ake buƙata ga kowane rukuni. Na farko ruwan sodiyam: pH zai fara daga wajen 6.4 zuwa 6.7 ya hau cikin mintuna kaɗan. Na biyu ruwa marar sodiyam. Na uku ruwan sodiyam da EIPA ko karifored, masu toshe NHE1, maikuromola 10. Aikin NHE1 shi ne na farko a cire na uku, kuma na biyu da na uku ya kamata su yi kama da juna. Amiloraid ma yana toshe ta, amma sai an kai milimola 1 saboda yana gasa da sodiyam, ga shi kuma yana da nasa ƙyallin.

Akwai wata gajeriyar hanya da mutane ke so: a fara da ruwa marar sodiyam, a ga layi ya miƙe, sannan a ɗiga gishiri mai kauri cikin kubet. Layin yana fitowa da kyau, amma ɗigon ya ƙara kaurin ruwa, ƙwaya ta tsuke, tsukewar kuma ta kunna NHE1. An ruwaito cewa amsar HL-60 ga tsukewa tana sauyawa da balaga, ke nan kuskuren ba zai faɗa kan rukunin biyu daidai ba. A bi hanyar kubet uku.

Don a samu farawa daga pH daban-daban, a sauya ƙarfin amoniyam: milimola 10, 20, 30, 40.

Mai da rabo zuwa pH

Naijerisin yana musayar fotasiyam da haidurojin. Idan fotasiyam na waje ya yi daidai da na ciki, sai ya tilasta pH na ciki ya koma na waje. A sa ƙwayoyi masu rini cikin ruwayen awo huɗu da naijerisin maikuromola 10, a jira minti 3 zuwa 5 layi ya tsaya, a zana rabo da pH. Tsakanin 6.5 da 7.5 kusan miƙaƙƙe ne. Kowane rukuni da nasa awon, a rana ɗaya, daga zubin rini ɗaya. Ba a aro wa ƙwayar da ta balaga awon wadda ba ta balaga ba.

Naijerisin yana maƙale wa roba da gilashi. Ragowarsa a kubet ko jikin maganaɗisu zai sa ƙwayar gaba ta riƙa farfaɗowa ko tsamewa ba dalili, kuma EIPA ba zai hana ba. A ware masa kubet nasa, a yi awo a ƙarshen yini, a wanke da etanol sau da yawa.

Lissafin da ke raba gaskiya da zato

Saurin hawan pH ba shi ne yawan haidurojin da ya fita ba. Mai girki ta san wannan: miyar yakuwa mai kauri ta fi tsinkakkiya cin kanwa kafin tsaminta ya mutu. Furotin da fosfet na cikin ƙwaya suna riƙe haidurojin suna sakinsa, don haka sai an san ƙarfin shanyewar kafin a fassara gangaren layi.

Ga yadda ake auna shi a kubet. A cika ƙwaya da tsami, a sa ta ruwa marar sodiyam mai EIPA don kada wata ƙofa ta motsa, a ɗiga amoniyam kuloraid milimola 5, a karanta tsallen da pH ya yi nan take. A digiri 37 da pH 7.4, kusan kashi 97 na abin da aka ɗiga yana siffar amoniyam, wato milimola 4.85. Amoniyam na ciki shi ne wannan adadi sau 10 a ɗaga zuwa bambancin pH na waje da na ciki. A ɗauka, don misali, pH ya yi tsalle daga 6.60 zuwa 6.95. Bambanci da waje 0.45 ne, 10 a ɗaga zuwa 0.45 ya ba da 2.82, amoniyam na ciki ya zama milimola 13.7. A raba da tsallen 0.35, a samu milimola 39 a kowane pH ɗaya. Wannan adadi na tsakiyar tsallen ne, wajen 6.78. A maimaita daga wuraren farawa daban-daban, domin ƙarfin shanyewa yana ƙaruwa yayin da pH ke sauka.

Yawan fita shi ne gangare sau ƙarfin shanyewa. A ce, misali ne kawai, ƙwayar da ba ta balaga ba tana hawa 0.10 a minti da ƙarfin shanyewa 40, wadda ta balaga tana hawa 0.16 da ƙarfin 25. A ido ta biyun ta fi da kashi 60 cikin ɗari. A lissafi dukansu milimola 4 a minti suke fitarwa.

Sai girma. Ƙofofi a tantani suke, tsami kuwa a cikin ruwan ƙwaya. Ga abu mai siffar ƙwallo, rabon fata da ciki shi ne 3 a raba da rabin faɗi. Ƙwayar da ta ragu daga maikuromita 12 zuwa 10 rabonta ya tashi daga 0.5 zuwa 0.6, wato za ta fi saurin gyara pH da kashi 20 ko da yawan ƙofofi a kowane yanki na tantani bai sauya ba. A auna faɗin ƙwayoyi da na'urar Coulter, ko a madubi da ma'auni, aƙalla 100 a kowane rukuni.

Bayan haka a zana yawan fita a tsaye, pH na ciki a kwance, rukunin biyu kan takarda ɗaya. Kwatanci a pH ɗaya ake yinsa, domin NHE1 a 6.5 ba ita ce a 6.8 ba. Idan layukan sun sauka sifili a wuri ɗaya amma ɗaya ya fi tsayi, an samu ƙarin ƙofofi ko ƙarin gudunsu. Idan inda layin ya taɓa sifili ya matsa sama, matsaya ce ta sauya, wato gurbin jin tsami ya ƙara kaifi, kuma a nan za a ga pH na hutu shi ma ya hau. Masu bincike a Faransa sun ruwaito a 1987 cewa retinoyik asid yana ɗaga pH na cikin HL-60 ta hanyar wannan musaya, kuma a farkon shekarun 1990 an nuna saƙon halittar NHE1 yana ƙaruwa da balaga. Duka biyun na iya faruwa tare, zanen ne zai nuna rabon kowanne a hannun mai gwaji.

Tsokana, da ƙofar da ba ta bukatar sodiyam

A nan ne balaga ke nuna kanta sosai. A sa ƙwayoyi masu hutu a ruwan sodiyam, a ɗiga fMLP nanomola 100 zuwa maikuromola 1. Wadda ba ta balaga ba kusan ba za ta motsa ba. Wannan ba hujja ba ce cewa NHE1 ɗinta kurma ce. Mai karɓar saƙon ne babu. Don a tsallake shi a yi amfani da PMA nanomola 100, wanda ke kunna furotin kaines C kai tsaye. A wadda ta balaga, abin da ake sa ran gani shi ne ɗan nutso na tsami da farko, sannan hawa. Nutson daga oksides yake, hawan daga NHE1. A sa EIPA, nutson ya zurfafa ya daɗe. A sa DPI maikuromola 10 don kashe oksides, nutson ya ragu ƙwarai, a ga tsokanar NHE1 ita kaɗai. Sai da wannan kubet na ƙarshe ake iya kwatanta rukunin biyu da adalci, tunda ɗaya yana ƙera tsami ɗayan ba ya yi. Duk maganin da aka narkar cikin DMSO, kada DMSO ɗin ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a kubet, kuma a yi kubet na DMSO zalla.

Wani lokaci ƙwayar da ta balaga za ta ci gaba da farfaɗowa alhali babu sodiyam kuma ga EIPA. In an tabbatar ba ragowar naijerisin ba ne, to mafi yawanci Hv1 ce, kafar haidurojin da ke buɗewa idan cajin tantani ya sauya. Ita ba musaya take ba, fitar da caji take, wanda ke rama elektron ɗin da oksides ke turawa waje. Ɗakin binciken Sergio Grinstein a Toronto ya nuna a 1994 cewa wannan hanya tana bunƙasa yayin da HL-60 ke balaga, an kuma gano jerin halittarta a 2006. Gwajinta: a cika ƙwaya da tsami, a sa ta ruwan fotasiyam mai pH 7.4 da EIPA, a ƙara balinomaisin maikuromola 1 don fotasiyam ya samu hanyar shiga ya rama cajin. In pH ya hau, a maimaita da zink kuloraid maikuromola 100, wanda zai danne hawan. Kada ruwan ya ƙunshi fosfet, domin yana kwantar da zink. Abin da ya rage bayan EIPA da zink a gwada shi da bafilomaisin nanomola 100, mai toshe famfon haidurojin da ke cin ATP.

Baikabonet da furotin

Cikin jini akwai baikabonet, don haka sakamakon HEPES rabin hoto ne. A maimaita da sodiyam baikabonet milimola 25, giram 2.1 a lita, ana busa iskar kabon kashi 5, kubet a rufe. Idan aka maye kuloraid da gulukonet, ƙofar musayar kuloraid da baikabonet za ta juya baya, pH ya hau. Saurin hawan shi ne ma'auninta. Gulukonet yana kama kalsiyam, sai a ɗaga kalsiyam zuwa milimola 4. Ƙarfin shanyewa a nan ya ƙaru da 2.3 sau baikabonet na ciki, a sa shi a lissafi.

Mai son ganin furotin ɗin NHE1 a jel zai same shi wajen kilodalton 110. Kada a tafasa samfurin, domin furotin na tantani yana cuɗewa ya ƙi shiga jel. Minti 30 a digiri 37 ya wadatar. Ƙwayoyin suna cike da inzam masu cin furotin, saboda haka a sa magungunan hana su tun kafin a fasa, a yi komai kan ƙanƙara, in ba haka ba layin zai dushe a ɗauka raguwa ce.

HL-60 da ta balaga kama take da niyutirofil, ba ita ba ce. Ba ta ƙera rukuni na biyu na ƙunshin cikin niyutirofil, masu ɗauke da laktoferin, kuma ba ta da musayar kuromozom 15 da 17 da ake gani a sankarar furomayelosait ta asali. Mai neman wannan sai ya koma layin NB4. Idan akwai izinin kwamitin ɗa'a da yardar mai ba da jini, a ware niyutirofil daga sabon jini da dekstiran da Ficoll, a bi da su ta kubet ukun nan da ruwaye iri ɗaya cikin awa 3 zuwa 4 da ɗiba. Bututan roba za a yi amfani da su, da ruwa marar gubar bakteriya, kuma kada a riƙa kai su sanyi ana dawo da su ɗumi, domin kowanne daga cikin waɗannan yana tsokanar niyutirofil ta ɗaga pH ɗinta tun kafin ta shiga kubet.